Gaisuwa a Bakin Matakala

Dutse na uku ke nan da ta fasa a kan kwaɗon, shi kuwa ko gezau.

"Malama, ki daina wahalar da hannunki," in ji Baba Maigadi, yana tsaye a bayanta da kofin shayinsa. "Wannan kwaɗon ya girme ki a aiki. Ranar da aka garƙama shi ina nan, lokacin ko furfura ɗaya babu a kaina."

"To ina makullin?"

"Yana wajen tsohon mai sito."

"Shi kuma yana ina?"

"Allah ya ji ƙansa."

Malamar kimiyya ta jefar da guntun dutsen, ta leƙa ta tsakanin ƙarafan ƙofar. Matakala ce mai faɗi, wadda wani mai hangen nesa ya gina a bayan benen saboda ranar tsautsayi. Daga baya masu hikima suka cika ta da karyayyun bencina, da tsofaffin alluna, da wata taswirar duniya da ɓera ya cinye mata rabin teku. Yara ɗari uku da tamanin ke karatu a saman benen nan, kuma dukkansu ta matakalar gaba guda ɗaya suke hawa su sauka. In ka tambayi kowa a makarantar abin da za a yi ranar da wuta ta tashi, amsar ɗaya ce: Allah ya kiyaye. Addu'a ce mai kyau, ita ma kullum sai ta yi. Abin da ke ƙona mata rai shi ne a nan ita ce addu'ar, ita ce shirin, ita ce kuma tukunyar kashe gobarar.

Wata bakwai kacal da fara aikinta, amma abokan aiki sun manta sunanta na yanka. Ko-ta-kwana suke ce mata, saboda ba a zaman malamai da za a tashi ba ta ambaci shirin ko-ta-kwana ba. Takarda goma sha ɗaya ta rubuta wa Shugaban makaranta tana roƙon a sa darasin kare kai daga gobara da ambaliya cikin jadawali. A ta goma sha ɗayan ne ya gaji. Darasin ƙarshe na ranar Alhamis ba shi da mai shi tun da malamin zane ya yi ritaya, kuma Malamin Lissafi ya daɗe yana lashe baki a kansa. Sai Shugaba ya yanke hukunci a gaban kowa.

"Ki sauko min da yaran bene zuwa fili cikin minti biyar. Ba wanda ya faɗi, ba wanda ya ɓace. In kin iya, Alhamis taki ce. In kin kasa, Malamin Lissafi ya ɗauka, ni kuma in huta da takardunki."

Yau ce ranar. Ƙarfe goma za a buga ƙararrawa, kuma kafin a tashi Mataimakin Shugaba zai cike gurbin a jadawalin zango mai zuwa.

Ta kakkaɓe hannuwanta ta nufi ɗakin malamai. Tun daga ƙofa ta ji ana dariya, ta kuma san da wa ake.

"Ga ta nan! Hukumar kashe gobara ta iso!" in ji Malamin Lissafi. Ya ɗago wata takarda da ya cika da lambobi. "Ƙanwata, na taimaka miki na buga lissafin. Yara ɗari uku da tamanin, matakala ashirin da biyu, faɗin mutum biyu. Ko ruwa aka tuttulo daga sama ba zai sauko a minti biyar ba. Ki ba ni Alhamis cikin mutunci, in riƙa ara miki ita ranar da nake mura."

"Yaya, ajiye takardar nan da kyau," ta ce. "Za ka buƙace ta ka share hawaye."

Aka sa ihu. Malamar Tarihi, wadda ta fi kowa daɗewa a ɗakin, ba ta yi dariya ba. Ta sauke tabarau zuwa kan hanci.

"'Yata, shekarata ashirin da shida a nan. Ko wutar ashana ba ta taɓa tashi ba. Kullum gobara, kullum ambaliya. Ki bi a hankali kada ki kira mana da bakinki."

"Inna, ai ba mai sayar da laima ne ke kiran ruwa ba. Kin ga makunnin fankar aji huɗu? Ya yi baƙi ƙirin, in an taɓa shi har ƙara yake. Yara sun sa masa suna Maciji."

"To ai sai a daina taɓawa," in ji Malamar Tarihi, ta koma kan littafinta.

 Sati uku Ko-ta-kwana ta yi tana satar minti biyar-biyar daga darussanta da na duk wanda ya makara shiga aji. Doka huɗu ta koya wa yaran: bar jaka, kada ka gudu, kada ka tura, kada ka koma. 'Yan aji uku har sun mayar da su waƙa suna tsallen igiya da ita. Ta gwada kowane aji shi kaɗai, sau biyu-biyu, kuma sun sauko sumul kamar zare a allura. Abin da ba ta taɓa samu ba shi ne izinin gwada su gaba ɗaya.

Goma saura biyar ta hau sama, ta tsaya a ƙarshen baranda inda za ta ga ƙofofin ajujuwa takwas.  

Ƙararrawa ta buga sau uku.

Wallahi sai da ƙwalla ta taru mata. Ƙofofi suka buɗe kusan tare. Yara suka fito bibbiyu, hannu wofi, ba mai gudu, ba mai turi. Monitoci suka tsaya a ƙarshen layi riƙe da rajista, kowanne ya leƙa ƙarƙashin bencina kafin ya ja ƙofa. 'Yan aji uku suka fara sauka, na huɗu suka bi bayansu, na biyar suka matso. Ta dubi wayarta. Sakan hamsin. Ta fara tsara irin kallon da za ta yi wa Malamin Lissafi.

Sai layin ya tsaya.

Ba ta gane ba da farko. Ta ɗaga ƙafa ta leƙa. Kawunan da ke gangarawa sun daina motsi, na baya kuwa ba su sani ba, suna ta tahowa. Daga can ƙasa wata murya ta taso, ta yara kamar goma a haɗe, a ja a hankali irin ta kowace safiya.

"Ina kwaaana, Shugaba!"

Wata murya mai kauri ta amsa, ba gaggawa. "Lafiya lau. Kun tashi lafiya?"

"Lafiya laaau, Shugaba!"

"Ya karatu?"

"Mun gode Allaaah, Shugaba!"

"Madalla. Ku wuce."

Layin ya motsa taku biyar, ya sake tsayawa.

"Ina kwaaana, Shugaba!"

 Ba ta tambayi Shugaba inda zai tsaya ba. Ta ɗauka fili zai tafi ya jira su. Ashe bawan Allah ya aro agogon auna gudu wajen malamin wasanni, ya zo ya kafa kansa daidai bakin matakala, don ya gani da idonsa. Shekara ashirin da biyu yana shugabancin makarantar nan, kuma abin da ya fi alfahari da shi ba sakamakon jarrabawa ba ne. A makarantarsa ba ɗalibin da ke wuce shi sai ya tsaya cak, ya mai da hannu baya, ya gaishe shi, ya jira amsa har ƙarshe. Iyaye daga unguwanni masu nisa suke kawo 'ya'yansu saboda wannan. Duk gwajin da ta yi a sati ukun nan, yana ofis.

"Ku tsaya! Na baya ku tsaya!" ta ƙwala wa 'yan aji shida, amma tuni matakalar ta cika maƙil. Yaran ba su karya mata doka ba, ba wanda ya tura wani da hannu. Nauyin jiki ne kawai ke gangarawa daga sama, kowa ya jingina da na gabansa. A kwanar matakala ta hango wata 'yar aji uku, ƙarama, mai tabarau, an matse ta da ƙarfen gefe, kumatunta ya manne da shi. Ba ta kuka. Bakinta a buɗe yake tana neman iska.

Ko-ta-kwana ta cire takalmanta ta watsar. Ta raɓa ta jikin bango, tana cusa kafaɗa, tana ɗaga wannan tana kauce wa wancan. Da ta kai kwana ta cafko yarinyar ta ɗora a kafaɗa, ta ci gaba da kutsawa.

"Shugaba! Ka matsa!"

Ya ɗago kai, ya ɗaga mata hannu alamar ta dakata. "Malama, yara na gaisuwa."

"Ya karatu?" ya ce wa layin da ke gabansa.

Ba ta san lokacin da ta dire yarinyar ba. Ta dai ga hannunta ya damƙi hannun kwat ɗinsa, ta finciko shi gefe taku uku, kamar yadda ake janye akuya daga kan shanya. Wani maɓalli ya tsinke, ya yi tsalle a kan siminti, ya gangara, ya gangara, ya shige ƙarƙashin tukunyar fure. Makaranta ta yi tsit har ana jin gangarawarsa.

"Ku wuce!" ta daka musu tsawa. "Ba gaisuwa! Ku wuce!"

Ba wanda ya motsa. Idanu kusan arba'in suka tsallake ta suka sauka kan Shugaba. Ya dubi hannun rigarsa, ya dube ta, ya dubi matakalar da ta cushe har sama. Ya gyaɗa kai kaɗan. Sannan suka fara wucewa, kowanne na ɗan rusunawa a kaikaice kamar mai ciwon gwiwa.

Minti tara da sakan goma sha biyu.

A fili aka kira rajista. Ba wanda ya ɓace. Malamin Lissafi ya zo zai yi magana, ya ga ƙafafunta ba takalmi, ya ga fuskarta, ya naɗe takardarsa ya sa aljihu. Malamar Tarihi ta riƙe haɓa tana ta salati, ba a san ko na yaran ba ne ko na kwat ɗin.

"Malama," in ji Mataimaki, a hankali kamar mai kai saƙon rasuwa, "ana kiranki a ofis."

Shugaba na zaune bayan teburinsa, agogon na gabansa, kwat ɗin na rataye a bayan kujera. Mataimaki ya shimfiɗa jadawali ya cire murfin biro. A benci kusa da ƙofa 'yar aji ukun ce zaune, tana jiran a ba ta takardar da za ta kai wa iyayenta. Ƙafar tabarau ɗinta ɗaya ta karye, an ɗaure da zare, shatin ƙarfe kuma na nan ja a kumatunta.

"Minti nawa muka yi da ke?" in ji Shugaba.

"Biyar, ranka ya daɗe."

"Nawa aka yi?"

"Tara da 'yan kai."

"Kin san ba a tabbatar da ke a aiki ba tukuna? Kin san ni zan sa hannu?"

"Na sani. Ka yi haƙuri da abin da na yi wa rigarka." Ta yi niyyar tsayawa a nan. Ta ma rufe baki. Bakin ne ya ƙi. "Amma ko yanzu aka sake, sai na sake janye ka. Ranka ya daɗe, yaran nan ba su yi kuskure ko ɗaya ba. Sati uku na yi ina koya musu su fita. Kai ka yi shekara ashirin da biyu kana koya musu su tsaya. Wa kake gani zai ci?"

Mataimaki ya yi tari, ya shiga duba bakin bironsa kamar bai taɓa ganin irinsa ba.

"Wasa ne suka san ana yi," in ji Shugaba. "In gobarar gaske ce ba wanda zai tsaya gaisuwa. Yaro ba mahaukaci ba ne."

"Ka tabbata?"

 Shugaba ya juya wajen benci. "Ke, 'yata. Zo nan."

Yarinyar ta taso, ta tsaya cak, ta mai da hannu baya. "Ina kwana, Shugaba."

"Lafiya. Saurara da kyau. A ce wuta ce ta gaske, da hayaƙi, tana bayanki. Ni kuma ina tsaye a gabanki. Me za ki yi?"

Ta tsaya tana tunani, don ta san tambayar Shugaba ba a amsa ta da garaje. Ta gyara tabarau ɗin da ya karkace. Sai fuskarta ta washe, ta gano amsar.

"Zan gaishe ka da sauri, Shugaba."

Dariya ta kuɓuce wa Mataimaki ta hanci, ya mayar da ita atishawa. Shugaba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon shatin da ke kumatun yarinyar. Sannan ya miƙe, ya ɗauki kwat ɗinsa ya sa, ya lalubi wajen maɓallin bai samu ba, ya bar ta a buɗe.

"Mayar da murfin biron nan," ya ce wa Mataimaki. "A tara min su bayan hutu."

Bayan hutun ya hau kan dakalin fili, yara na jere a rana, malamai a inuwa.

"Ku buɗe kunnuwanku. Daga yau, in kun ji ƙararrawa sau uku, ni ba Shugaba ba ne. Ginshiƙi ne. Ana gaida ginshiƙi?"

"A'aaa, Shugaba!"

"Duk wanda ya gaishe ni a lokacin, shi ne mara kunya. Kun ji?"

Wannan karon amsar ta fito a rarrabe. Yara suka riƙa kallon juna, suna neman inda tarkon yake.

"Ku koma aji. Za a sake."

"Ranka ya daɗe," in ji Malamin Lissafi, ya matso yana murmushin yaƙe, "a ina aka taɓa rubuta jarrabawa ɗaya sau biyu?"

"A inda mai sa ido ya zauna a kan takardar ɗalibi," in ji Shugaba. Ya wuce.

Ko-ta-kwana ta bi shi da sauri, ta samo takalmanta amma ɗaya ya tsinke, tana ja. "Ranka ya daɗe, wannan karon ka jira su a fili."

"A'a. Inda na tsaya ɗazu zan tsaya, sai dai in ɗan matsa gefe. In ba su gan ni ba, me muka gwada?"

Ta dube shi. A wata bakwai, yau ne ya faɗi abin da ta so a ce ita ta riga shi faɗa.

Ta bar monitoci da saman bene, ta tsaya a ƙasa, daura da shi, matakala a tsakaninsu. Ya jingina da bango, ya mai da hannuwansa baya da agogon a ciki, ya ɗaga haɓa. Ƙararrawa ta buga sau uku. Ta danna agogon wayarta.

Sawu ya cika benen. 'Yan aji uku suka ɓullo daga kwana, suka gan shi, layin ya ɗan yi rawa. Na gaba, wata doguwar yarinya, ta rage tafiya, hannuwanta suka fara komawa baya da kansu. Ta runtse ido, ta cije leɓe, ta wuce. Sai sauran suka biyo. Wasu sun kafa ido a ƙasa, wasu sun juya fuska bango kamar masu wuce kare mai cizo. Wani ya toshe bakinsa da hannu biyu don kada gaisuwar ta kufce. Mai tabarau ta zo daidai shi, ta ɗaga kai, ta dubi silin, ta wuce abinta.

Aji huɗu, aji biyar, aji shida. Matakalar na zuba ba tsayawa.

Ta saci kallonsa. Yana nan tsaye ƙiƙam, idonsa na bin kowane layi. Leɓɓansa ne ke motsi, ba sauti. Ta ƙura ido ta karanta. Lafiya lau. Ya karatu. Madalla. Kowane layi sai da ya amsa masa, har monitan ƙarshe ya sauko da rajista a hammata.

Mataimaki ya taho daga fili da jadawali a hannu, Malamin Lissafi na biye. "Sun cika, ranka ya daɗe. Minti nawa?"

Shugaba ya zaro hannu daga baya ya dubi agogon. Daga inda take tsaye ta hango fuskarsa: sifiri, sifiri, sifiri. Bai danna ba. Ya ɗan jima yana kallonsa, sannan ya jefa shi aljihun kwat.

"Rubuta mata Alhamis."

"Amma nawa aka yi?" in ji Malamin Lissafi. Da Shugaba ya juya ya nufi ofis, sai ya waiwayo gare ta. "Ƙanwata, ke ma ai kin auna. Tsakaninki da Allah, nawa?"

Ta dubi wayarta. Minti biyar da sakan arba'in. Ta juyo masa da fuskar wayar ya gani da kyau.

Ya karanta, ya dubi bayan Shugaba da ke tafiya a hankali da kwat a buɗe, ya dubi matakalar. Ya sosa ƙeya.

"Sakan arba'in," ya ce. "A kwanar can ake asararsu. In aka fara sauko da 'yan aji shida kafin na biyar... ba ni biron nan, Mataimaki. Rubuta mata tukuna, sannan ka ba ni."